Surukina da Ruwan Lagireto

Da muka dawo daga maƙabarta, ɗan falonmu na unguwar Cheras, a ƙasar wajen da nake karatu, bai ɗauke mutane ba. Takalma sun cika baranda har bakin lif. Abokan karatuna suna zaune a ƙasa, duk wanda ya shigo ya ce Allah ya jiƙan Baba, a amsa masa, a koma a yi shiru. Wani ɗan Katsina da muke sashe ɗaya ya buɗe baki zai ba da labarin yadda Baba ya taɓa tsayar da shi a kan tayar gaba ta motarsa, bai kai ƙarshe ba ya tashi ya koma baranda. Maiɗakina tana ciki tare da mata. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Hulunan mahaifinta ta ɗauko tana ninkewa, ta warware, ta sake ninkewa, matan suka ƙyale ta.

Wajen la'asar aka ce mini wani tsoho yana tsaye a ƙofa ya ƙi shigowa. Maƙwabcinmu ne na hawan ƙasa, ɗan asalin Caina, tsohon direban tasi, wanda kowa a benen yake kira Ankul. Ya riƙo ledar lemo, don bai san abin da ake kai wa Musulmi gidan rasuwa ba. Ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya ce, "Baba, Baba," bai ƙara komai ba. Hawaye na bin fuskarsa bai share ba.

A nan mutane ba sa daɗewa. Kowa ya gama karatu sai ya sayar da katifa da mota ya koma gida. Nan da 'yan shekaru ba za a sami wanda ya san cewa wani dattijo Bakano ya taɓa zama a kan bencin siminti na wajen ajiye motocinmu ba. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani, ko don jikokinsa da Turanci da Malayanci suka fi Hausa zama a bakinsu.

Baba mahaifin maiɗakina ne, ita ce autarsa. Ya yi ƙuruciyarsa da girmansa duka a kan tirela, tsakanin Kano da Legas da Fatakwal. Ciwon huhu ya kawo shi wajenmu, bayan an yi ta magani a gida abin ya ƙi. Duk wanda ya san kunyar surukai zai gane halin da muka shiga, ni da shi, a gida mai ɗaki biyu da falo. Idan yana falo ina kicin. Idan ya fito alwala sai in tsiri neman wani littafi a ɗaki. Gaisuwa ce kawai take haɗa mu, ina durƙushe kaina a ƙasa, yana ce mini Malam, ina ce masa Baba.

Zaman bene ya dame shi. Ya ce bai taɓa kwana a inda tsuntsu yake wucewa ta ƙasansa ba. Don haka kullum da safe, da ya sha koko, sai ya ɗauki carbinsa ya sauka ya zauna a bencin nan yana sauraron motoci. Mota za ta tashi a can ƙarshen layi, ya karkata kai ya ce bel ɗinta ya saki. Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita: kafin ka tada mota, ka gaishe ta. Abin da yake nufi, ka ɗaga bonet ka duba mai da ruwa.

A bencin ya haɗu da Ankul. Baba yana jin Hausa da Yarbancin tasha da ɗan Turancin hanya, Ankul kuma Turancinsa gutsi-gutsi ne, amma sai su kai azahar suna hira da hannu da kwaikwayon kukan inji. Matar Ankul ba ta daɗe da mutuwa ba, 'ya'yansa suna wata ƙasa. Baba ne ya lura tsohon ba ya cin abincin rana, sai ya riƙa sa maiɗakina, Auta, tana ƙara tuwo a kula yana sauka da shi. Ankul ma ya taɓa kawo masa wani abinci daga gida, ya ga Baba ya karɓa ya yi godiya amma bai ci ba. Bai yi fushi ba. Washegari sai ga shi da shayi da roti, wani irin gurasa, daga shagon mamak, wato na Musulmi, yana nuna ledar yana cewa, "Boleh, boleh," wato ana iya, ba laifi. Daga nan kalmar ta zauna a bakin Baba. Ko jikarsa ta tambaye shi za ta ɗauki wayarsa, sai ya ce boleh.

Motar da nake da ita ƙarama ce, ta hannu, a wajen wani ɗalibi da ya gama na saye ta. Da ita muke kai Baba asibiti. Ranar da ya fara ganin cikin bonet ɗinta, ya leƙa robar ruwan lagireto ya ga ruwa ja-ja, ya tambaye ni wane irin zoɓo ne wannan. Na ce masa kulan ne, ruwan sanyaya inji, irin wanda aka ce a riƙa sa mata ke nan. Ya ce su a zamaninsu ruwan rijiya ne ko na rafi, daga baya aka kawo wani kore, kuma koren nan bai taɓa ba shi kunya ba. Na sunkuyar da kai, don ban san ta inda zan yi gardama da surukina ba. Ya ce to. Bayan kwana biyu ya aiko Auta ta roƙe ni makulli ɗaya, ya riƙa gaida motar da safe. Na ba shi ina murna, na ga ya sami abin yi.

Abin da ban sani ba, Baba ya lura ruwan yana raguwa kaɗan-kaɗan. Ni kuwa lokacin rubutun kundina ya sha kaina, sai ya ga bai kamata ya dame ni ba. Ya taka da ƙafa, mutumin da numfashi yake yi masa wuya, har shagon kayan mota da ke bayan kasuwa, ya nuna koren da ya sani ya saya. Duk sanda ruwan ya yi ƙasa sai ya ƙara koren, ya bi shi da ruwan famfo. Haka ya yi ta yi makonni da yawa, bai gaya wa kowa ba.

Ranar da abin ya fito fili ita ce ranar da za a fara yi masa wani sabon magani, wanda muka daɗe muna jiran a ba mu rana. An gama ruwan sama ke nan, titi ya cushe wajen Titiwangsa, muna tafiya kamar masu rarrafe. Baba ne ya fara cewa daga kujerar baya, a hankali, "Malam, duba allurarka." Na duba allurar zafin inji, ta haye sama. Kafin in sami inda zan raɓe, tururi ya fara fita ta gefen bonet. Na fito a ruɗe na ɗaga bonet, na kai hannu zan murɗe murfin lagireto.

"Kada ka taɓa! Malam, janye hannunka!"

Tun da na san shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya fito yana haki, ya naɗe hannun riga ya nuna mini wani tsohon tabo daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ya ce a hanyar Jebba ya same shi, kuma murfi ɗaya ne ya yi masa. Muka tsaya a gefen titi har injin ya huce. Ya sa tsumma ya buɗe da kansa. Abin da ke ciki ba ja ba ne, ba kore ba, wani abu ne ruwan ƙasa mai kauri kamar kunun da ya kwana. Ya sa yatsa ya lakato ya murza. Na ga fuskarsa ta canza.

Auta, da ke tare da mu, ta samo tasi ta tafi da shi, amma sun makara. Aka ɗaga ranar zuwa wasu makonni. Likitoci sun gaya mana daga baya cewa jinkirin bai canza komai ba, ciwon ya riga ya yi nisa. Amma a ranar ba mu san haka ba.

Da yamma muna falo, ya ce shi ya zuba. Bai yi kwana-kwana ba, ya faɗi shagon da irin ruwan da yadda ya riƙa ƙarawa. Auta ta shaƙu da mahaifinta shaƙuwar da 'yan'uwanta ba su samu ba, ita kaɗai take iya kallon idonsa ta yi magana. Ranar tsoro ya sa ta wuce iyaka. Ta ce mun baro gida, mun hana kanmu barci muna neman lafiyarsa, shi kuma yana can ƙasa yana wasa da mota.

Ya ɗago ya dube ta. "Wasa?"

Kalmar ke nan da ya faɗa. Ya tashi ya shiga ɗaki. Da safe na tarar da makullin a kan teburina, a kan takarduna.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi mini kwanakin asibiti ciwo. Bai sauka ba. Yana zaune a bakin gado yana jan carbi, yana kallon bango. Abinci sai ya taɓa ya ture. Auta tana kuka a kicin, ta kasa shiga ta ba shi haƙuri, shi ma bai kira ta ba. Ni kuma ina tsakiya, ba ni da bakin yi wa ɗayansu magana. Ina ganin mutumin da ya tuƙa manyan motoci a kan hanyoyin da ba kowa ke dawowa daga cikinsu ba, ya zo ƙasar mutane a ƙarshen rayuwarsa, abu ɗaya da ya tabbata ya iya ya juya masa baya.

Ankul ne ya hawo. Ya ƙwanƙwasa, ya wuce ni ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba, yana nuna ƙasa yana kwaikwayon riƙe sitiyari. Baba ya girgiza kai. Ankul ya ƙi tafiya. Can dai Baba ya ɗauki hularsa. Garejin ɗan ƙanen Ankul aka kai motar, can Ankul ya kai mu a tsohuwar motarsa. Makanikin ya nuna mana lagireton da aka ciro, hanyoyin ruwan duk sun toshe. Yana bayani ina mayar wa Baba da Hausa. Ya ce injinan yanzu da lagiretonsu yawanci na alminiyom ne, ba irin ƙarfen da ba, kuma kowane kulan da irin maganin tsatsar da aka haɗa shi da shi. Idan aka gauraya iri biyu da ba sa jituwa, ga kuma ruwan famfo, maganin sai ya lalace, wani lokaci ya yi kauri ya toshe hanya. Ya kuma ɗago wani tiyo ya nuna ɗan tsagin da ke jikinsa, ya ce ta nan ruwan yake zurarewa, wanda ya lura da raguwar ya yi ido. Na fassara wa Baba wannan da sauri, ina so ya ji daɗi. Bai karɓa ba. Ya ce ganin ciwo daban, sanin magani daban, shi ya ga ciwo ya ba da maganin da ba shi ba.

Washegari da hantsi ina shirin fita, sai na ji ya kira ni da kansa, ba ta bakin Auta ba.

"Malam, idan kana da sarari, ka ɗauko littafin motar nan ka karanta mini abin da masu ita suka ce."

A kan bencin muka zauna. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba, kafaɗata tana gogar tasa. Na karanta masa irin kulan da aka ce a sa, na nuna masa inda ake duba sunan irin a jikin jarka. Na gaya masa launi ba hujja ba ne, kamfani biyu suna iya yin ja biyu da ba iri ɗaya ba. Akwai wanda aka riga aka sirka, a zuba kawai, akwai mai ƙarfi da sai an sirka shi da tataccen ruwa. Idan kuma za a canza iri, sai an wanke cikin tas tukuna. Yana tsayar da ni yana tambaya kamar ɗalibi. Ya ce ya ji an ce don ƙanƙara aka yi ruwan nan, to ƙasar da ba ta san sanyi ba me za ta yi da shi? Na ce yana sa ruwa ya jure zafi kafin ya tafasa, yana kuma hana tsatsa cin injin ta ciki. Sannan ya fara lissafo motocin da suka mutu a hannunsa, wata a Mokwa, wata kusa da Lokoja, waɗanda a da ake ɗora wa hanya da lodi laifi. Ya ce ashe jan ruwan tsatsar da suke gani yana fita idan an buɗe lagireto, su ne suke shayar da motocin abin da ke cinye su. Bai faɗa da ɗaci ba. Kamar mamaki yake yi, a ce ya kai wannan shekarun akwai sauran abin da bai sani ba game da mota.

Da daddare Auta ta shigo falo da jarkar kulan irin wanda littafin ya ce, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta ɗora makullin a kai. Ta ce, "Baba, gobe ka gaida mana ita." Ya ɗora hannu a kanta ya ce Allah ya yi mata albarka. Ba su ƙara tada maganar ba.

Daga nan ya koma bencinsa da sabon aiki. Duk ɗalibin da ya zo wucewa da mota sai ya tare shi ya tambayi wane irin ruwa ne a lagiretonsa. Idan ya ce ja ne ko kore, Baba ya ce ba launi ya tambaya ba, a ɗauko littafi. Abin da ya fi ba ni mamaki, da labarin kansa yake farawa. Sai ya ce, ka ga ni nan, na tsufa a kan sitiyari, amma na kusa kashe motar surukina da hannuna. Ba ya rage komai don ya kare girmansa. Na ga manyan malamai da dattawa da yawa, ban ga wanda yake ba da labarin kuskurensa da sakin fuska irin haka ba. Kunyar da ke tsakaninmu ba ta tafi ba, har ya rasu ban ci abinci a gabansa ba. Amma mun sami wajen haɗuwa. Da safe mu sauka tare, ni in ɗaga bonet, shi ya leƙa.

Jikin ya ci gaba da ja baya. Saukowa ta koma sai da kujera mai taya, daga baya ma ta gagara. Ankul ya riƙa hawowa yana zama a bakin gadon, su yi shiru tare. Wata Asabar da safe Baba ya ce yana so in fita da shi, ba asibiti ba, wajen gari, inda manyan motoci suke wucewa. Auta ta so ta hana, ya dube ta, ta je ta ɗauko masa filo. Muka hau babbar hanyar da ta nufi kudu. Ya sa na sauke gilashi. A wani wajen hutawar matafiya na tsaya inda tireloli suke jere, ya daɗe yana kallonsu, yana bin kowace da ido har ta hau titi.

A nan ya yi mini maganar Hajiya, surukata, abin da bai taɓa yi ba. Tana Kano, ciwon ƙafa ya hana ta biyo shi. Ya ce duk tsawon zamansu, idan ya dawo daga tafiya tun daga bakin unguwa take gane odarsa, kafin ya shigo ta ɗora ruwan wanka. Ya ce da zai taho ya gaya mata wata uku zai yi. Ya juya carbin a hannunsa.

"Malam, idan ta Allah ta kasance, kada ku wahalar da kanku da jirgi. Inda na tsaya, nan za ku ajiye ni. Amma kai za ka gaya mata, kada ka bar wa Auta."

Na ce Allah zai ba shi lafiya. Ya ce amin, amma dai in riƙe abin da ya faɗa.

Bai yi mako biyu ba bayan nan. A asibiti ya cika, bayan azahar, kansa a hannun Auta, yana bin kalmar shahada har leɓensa suka tsaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na fita wajen ajiye motoci na kira Kano, a can gari bai daɗe da wayewa ba. Hajiya ta ɗauka, muka gaisa, ta tambayi yara. Na faɗa mata. Na ji ta yi salati, sannan shiru, har na zaci layin ya yanke. Da ta dawo, muryarta a kwance take. Ta tambaye ni ko ya sha wuya, na ce a'a. Ta tambaya ko akwai Musulmi da za su yi masa salla, na ce masallaci zai cika. Ta ce to, alhamdu lillahi. Sai ta ce:

"Ni ai na saba da jiransa. Tun ina yarinya a hanya yake. Sai dai kullum yakan dawo."

Na tsaya riƙe da waya a kunne, muna jin numfashin juna, har ita ta ce in je in kula da Auta.

Ya Allah, ga baƙonka nan mun bari a ƙasar da bai san harshenta ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya zuciyar wadda take can tana jira. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.